Me ya sa masu zanen Turai suke son zana teku idan ta fusata?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa masu zanen farkon ƙarni na 19 suka fi son nuna teku tana hauka, mutum kuma ɗan mitsitsi a cikinta. A ganina, so suke mai kallo ya ji rauninsa a jikinsa.

Dubi zanen da mai zane ɗan Faransa Théodore Géricault ya yi a 1819, wanda ke gidan tarihi na Louvre a Paris; ya nuna mutanen wani jirgin ruwa da ya yi hatsari. Jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse ya maƙale a gaɓar Muritaniya a 1816, yana kan hanyar Senegal. Aka bar mutum kusan 147 a kan katakan da aka ɗaure, bayan kwana 13 aka tsinci 15 kacal da rai.

Abin da ya fi taɓa ni a zanen shi ne dattijon da ya riƙe gawar wani saurayi, ya juya wa ceto baya. Can sama kuma wani baƙar fata yana kaɗa tsumma, jirgin da yake kira ɗan ɗigo ne a nesa, ga igiyar ruwa ta taso ta gefe kamar dutse. Faɗin zanen ya kai mita 7, sai ka ji kamar kai ma kana kan katakan.