Idan aka sayar da kamfanin wuta, fatura za ta ninka?

Tambaya: Malam, ina zaune a Jidda da iyali. Ana ta yaɗawa a WhatsApp wai za a sayar wa 'yan kasuwa kamfanin wuta, fatura, wato takardar kuɗin wuta, ta ninka. Har wani ya ce in kawo riyal ɗari biyu ya "gyara" mini mita tun kafin abin ya zo. Hankalina a tashe yake. Anya daidai ne hukuma ta sayar da wutar jama'a?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Wutar Jidda ba ta baladiyya, wato hukumar birni, ba ce balle ta sayar. Tun shekarar 2000 aka haɗe kamfanonin wuta na yankunan Saudiyya suka zama ɗaya. Hannun jarinsa na kasuwar Tadawul, amma kusan kashi 74 cikin ɗari na asusun jarin gwamnati ne, Aramco na da wajen 7.

Abin da na gaji da maimaitawa shi ne, mai kamfani ba shi ke yanka farashi ba, hukuma ce. A Janairun 2018 kilowat na matakin farko ya tashi daga halala 5 zuwa 18 (halala ɗari ce riyal ɗaya), wanda ya haura kilowat 6,000 a wata kuma yana biyan 30 a kan rarar. Wa aka sayar wa a lokacin? Babu. Tallafi aka rage, 'yan ƙasa aka rage musu zafi da Hisabul Muwaɗin, shirin tallafin kuɗi na gwamnati, mu masu iƙama muka biya daga aljihu. A 2020 harajin kaya ya koma kashi 15, shi ma ya hau fatura. Ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, har uku suna kwana suna wuni a kunne a watan Agusta, tsofaffi, matatarsu ta toshe da ƙura, sannan a ce jita-jita ta tabbata!

A kan wannan ruɗanin masu taɓa mita ke cin kasuwa. Mutum da sukundireba da salatif, bai san kaurin wayar da ke ɗaukar mukayyif ba. Na sha ganin akwatin mita ya narke ya yi baƙi ƙirin a ƙofar gida mai yara goma. Mitocin yanzu kuma da kansu suke aika karatu, da wuya a taɓa ba a gane ba. Tara za ta biyo baya, mai gida ya ce ka kwashe kayanka, shi kuwa mai gyaran ya canza lamba. Riƙe ɗari biyunka, ka wanke mukayyif da su.

Batun sayarwa kuwa, ni ban ƙi ɗan kasuwa ya gina tasha ya sayar da wuta bisa yarjejeniya ba, ana yi a nan. Wayar da ta shigo gidanka ce ba na so a saki, don guda ɗaya ce, ba layin waya ba ne da za ka bar STC ka koma Mobily. A gida Najeriya an miƙa kamfanonin rarraba wuta 10 ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013 ba tare da an ɗaure masu saye da sharaɗi mai ƙarfi ba. Kira Kano yau da dare ka tambaya ko an kawo wuta.