Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Yadda likitoci ke rubuta maganin ciwon suga

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina shekararsa 68, ya daɗe yana shan metformin da glibenclamide. An kwantar da shi a asibiti saboda gyambon ƙafa da zazzaɓi, sai aka dakatar da ƙwayoyin aka koma yi masa allurar insulin sau huɗu a rana. 'Yan'uwa suna ta cewa duk wanda aka fara wa allura ciwon ya ci ƙarfinsa. Haka ne? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Malam ka kwantar da hankalin 'yan'uwa, abin da aka yi masa shi ne abin da ake yi wa mafi yawan masu ciwon suga da aka kwantar cikin ciwo mai tsanani.

Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jiki, ko aka yi wa mutum tiyata, jikin yana sakin sinadaran da ke ɗaga suga a jini. Wanda ƙwayoyin magani biyu suke riƙe shi a gida sai ka ga sugansa ya haura sosai. Ƙwayoyi kuma ba sa ba likita damar gyara cikin sauri. Insulin kuwa, wato sinadarin da ke saukar da suga a jini, ana auna jini, a ƙara ko a rage a ranar. A yawancin marasa lafiyar da ke kwance muna so sugan ya zauna tsakanin 7.8 da 10, ko 140 zuwa 180 idan na'urarku da manyan lambobi take ƙirga.

Sannan kowace daga cikin ƙwayoyin nan biyu tana da dalilin da zai sa a ajiye ta. Metformin ta ƙoda take fita. Mai zazzaɓi da ba ya shan ruwa sosai ƙodarsa takan yi rauni na ɗan lokaci, maganin ya taru, kuma zai iya jawo taruwar wani sinadari mai tsami a jini, abu mai haɗari ko da yake ba kasafai yake faruwa ba. Glibenclamide kuma tana matsa wa jiki ya saki insulin ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, kuma tana daɗewa a jiki. Tsoho mai shekara 68 da ya ture kwanon tuwo ya sha ta, sugansa zai iya faɗuwa cikin dare babu wanda ya sani. Ni ra'ayina ma, idan za a sallame shi ku tambayi likitansa ko zai musanya masa ita da gliclazide, wadda ta fi sauƙin haɗari ga tsofaffi.

Allura huɗun nan yawanci ɗaya ce mai dogon aiki da ke riƙe shi dare da rana, uku kuma masu saurin aiki kafin kowane cin abinci. Shi ya sa abin da yake ci ya zama wani ɓangare na maganin. A nan masu zuwa dubiya suke ba mu wahala: wannan ta zo da kunun gyaɗa, wancan da fura, wani da lemon kwalba, duk don ƙauna. Duk abin da Baba ya ci ku gaya wa nas, haka ma idan ya ƙi ci, kafin a yi masa allurar.

Da yawa suna komawa kan ƙwayoyinsu bayan gyambon ya warke. Wasu kuma a nan ake gano cewa dama ƙwayoyin sun daina isarsu tun tuni, sai a sallame su da allura ɗaya ko biyu a rana.

Tambaya: Likita ni da abokiyar zamana duk muna da ciwon suga, asibiti ɗaya muke zuwa. Ita ƙwaya ɗaya aka rubuta mata, ni kala huɗu. Nawa ne ya fi tsanani? Ko in koma shan irin nata? Daga wata Hajiya a Katsina.

Amsa: Hajiya kada ki koma. Kafin likita ya ɗora biro a kan kati akwai abubuwan da yake dubawa: shekarunki, nauyinki, tsawon lokacin da kika yi da ciwon, gwajin ƙoda, hawan jini, da ko zuciya ta taɓa samun matsala. Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin kamar wata uku da suka wuce. Daga kashi 6.5 ake cewa mutum yana da ciwon, kuma ga yawancin manya ana so magani ya saukar da shi kusa da kashi 7. Ga mai sikila wannan gwajin yakan ba da amsar da ba daidai ba, sai a dogara da awon sugan da ake yi da ɗigon jinin yatsa.

A ciwon suga nau'i na biyu, wanda shi ne na yawancin manya, da metformin aka fi farawa. Idan bayan wata uku ba a kai inda ake so ba, a ƙara na biyu. Mai ciwon zuciya ko wadda ƙodarta ta fara taɓuwa za a iya zaɓa mata empagliflozin ko dapagliflozin, masu fitar da suga ta fitsari kuma suna kare zuciya da ƙoda, sai dai tsada, kuma sukan jawo ƙaiƙayin gaba. Likitan kirki yana tambayar abin da aljihu zai iya, domin maganin da za a saya wata ɗaya a bari bai amfani kowa ba.

Ina kuma kyautata zaton cikin huɗun nan naki ba duka ne na suga ba. Sau da yawa ɗaya na hawan jini ne, kamar lisinopril, ɗaya na rage kitsen jini, kamar atorvastatin. Ki kai su wurin mai ba da magani a asibitin ya rubuta miki aikin kowanne a jikin ledarsa.

Tambaya: Tun da na fara metformin nake gudawa da kumburin ciki. In daina? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Wannan sananne ne a makonnin farko. Ka sha a tsakiyar cin abinci ko da gamawa. Da miligiram 500 sau ɗaya a rana ake farawa, a riƙa ƙarawa mako-mako. Idan ya ƙi lafawa ka koma a rubuta maka mai narkewa a hankali. Amma idan gudawar ta haɗu da amai har ba ka iya riƙe ruwa, ka dakata ka je asibiti a ranar.

Tambaya: Ina shan gliclazide da safe, kuma ina son ci gaba da azumin Litinin da Alhamis. Yaya zan yi? Daga wani malamin makaranta a Sakkwato.

Amsa: Malam Allah Ya karɓa. Wannan maganin idan aka sha shi da sahur aka wuni ba ci, faɗuwar suga ake tsoro, musamman bayan la'asar. Abin da aka saba yi shi ne a mayar da shi lokacin buɗa baki, amma likitan da ke riƙe da katinka ne zai tsara, ba ni daga nesa ba. Ka riƙa auna yatsa da rana. Idan ka ga ƙasa da 3.9, wato 70, ko sama da 16.6, wato 300, ka karya azumin. Haka idan ka ji rawar jiki, zufa mai sanyi, ko ganinka ya dushe: ka jiƙa suga cokali ɗaya babba a ruwa ka sha, ka sake aunawa bayan minti 15. Mai nau'i na ɗaya, wato wanda jikinsa ya daina yin insulin, idan sugansa ba ya zama wuri ɗaya, da mai ciwon ƙoda mai tsanani, da mai juna biyu da ke kan insulin, su shawararmu kada su ɗauka.

Tambaya: An sallami ɗiyata mai shekara 14 da insulin, ga shi unguwarmu ba a cika kawo wuta ba. Ina zan ajiye? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, a wurin sanyi, ban da inda ake daskarar da ƙanƙara. Insulin da ya daskare ya lalace. Wadda ake amfani da ita takan kai kamar mako huɗu idan zafi bai wuce digiri 30 ba, wanda kin san a bazara ɗakunanmu sun fi haka. Ki sami ƙaramin tulu ki sa cikin babba, ki cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ki ɗaure kwalbar a leda ki sa a ciki, ki rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ki rubuta ranar da kuka buɗe a jikin kwalbar, kuma kada ku sayi da yawa lokaci guda.

A shekarunta mai yiwuwa nau'i na ɗaya ne, wato jikinta ya daina yin insulin, don haka ba a tsallake mata allura ko rana ɗaya, ko da ba ta da lafiya ba ta cin abinci. A irin wannan ranar ku riƙa aunawa a kai a kai ku kira likitanta ya gyara adadin. Idan ta fara amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, ko yawan barci, ku tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.