Tambayi likita: ƙwaƙwalwa da koyon aikin hannu

Wata uwargida daga Tahoua ta ce shekarunta 42, tana son koyon keken ɗinki amma ana ce mata ta makara. Hajiya ba ki makara ba sam. Duk sanda kika maimaita taka keke da riƙe atamfa jijiyoyin ƙwaƙwalwa na ƙara ƙulluwa, har ƙafa ta riƙa yi ba sai kin yi tunani ba. Minti 30 kullum ya fi wuni guda a sati, kuma ki samu barci isasshe don a nan ne abin ke zaunawa.

Mai tambaya kan yaro bahago, don Allah a daina bugunsa, ba ciwo ba ne, kusan mutum 1 cikin 10 haka yake.

Wadda ta dame ni ita ce ta wani ɗan'uwa daga Niamey. Ya ce babansa ya faɗi sati 3 da suka wuce, baki ya karkace, hannun dama ya mutu, aka ce iska ce ta buge shi, ana ta tsaga da hayaƙi yana kwance a ɗaki. Haba jama'a! Wannan shanyewar ɓarin jiki ce, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi sanadin tansiyo, wato hawan jini, kuma ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke sarrafa hannun dama, to me reza za ta gyara a fata? Kai shi asibiti yau, ba gobe ba.

Sassan ƙwaƙwalwa da suka tsira suna iya koyon aikin wanda ya lalace, amma sai da motsi, kuma watanni 3 zuwa 6 na farko ne aka fi samun sauƙi, ga shi kwanaki na tafiya a banza. Ku nemi kine, wato ma'aikacin lafiya mai koyar da motsa gaɓoɓi, ya nuna muku atisaye, Baba ya riƙa ƙoƙarin kama kofi da kansa, jan tasbi, ɓalle maɓallin riga, ko da sau goma zai kasa ku bar shi ya sake, kar tausayi ya sa ku yi masa komai. Kar a ɗaga shi ta hannun da ya mutu, kafaɗa na gocewa. In yana ƙwarewa kar a ɗura masa komai a baki, ruwa na wucewa huhu. In magana ta sake sarƙewa ko baki ya ƙara karkacewa, ko da tsakar dare ne a ruga asibiti.