Ina son a sa wa 'yata suna Khuzama, amma uwar mijina ta ƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni haifaffiyar Jidda ce, iyayena Kanawa ne da suka zo aikin hajji suka zauna, mijina kuwa daga gida ya zo neman abinci, kuma mahaifiyarsa tana Kano. Ina da cikin wata takwas, likita ta ce mace ce. Tun ina makaranta nake sha'awar sunan Khuzama, wato furen nan mai ƙamshi da ke fitowa a sahara, kuma da farko maigidan bai ƙi ba. Da ya gaya wa Hajiyarsa a waya sai ta ce ita ba ta taɓa jin wannan suna ba, ba ya cikin littafi, kuma ba a sa wa 'yar Musulmi sunan ciyawa. So take a mayar da sunan mahaifiyarta, Hajiya Rabi, wadda ta rasu bara. Ƙawayena sun rabu biyu, wasu sun ce in tsaya a kan bakana, wasu sun ce in haƙura. Shin akwai laifi a addini? Kuma ke mene ne ra'ayinki game da sunan kansa?
Daga wata 'yarki a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya sauke ki lafiya, ya ba mu mai albarka.

Ta fuskar addini babu laifi, kuma maganar cewa ba a sa wa Musulmi sunan tsiro ba ta da tushe. A cikin sahabban Manzon Allah (SAW) akwai Ɗalha, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma sunansa sunan wata bishiya ce mai ƙaya. Samura ma bishiya ce, Ƙatada ƙaya ce, Hanzala kuwa wani ɗan itace ne mai tsananin ɗaci, duk da haka Annabi bai canza wa ko ɗayansu suna ba. Sunayen da ya canza su ne masu mummunar ma'ana ko masu yabon kai, kamar yadda ya mayar da wata mai suna da ma'anar "mai saɓo" Jamila, ya kuma mayar da Barra Zainab. Khuzama ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Larabawa sun daɗe suna girmama wannan fure, mawaƙinsu Imru'ul Ƙais ya ambaci ƙamshinsa tun zamanin jahiliyya, fadar Khuzam ta Sarki Abdul'aziz da ke nan garinku daga gare shi ta samo suna, kuma a shekarar 2021 gwamnatin Saudiyya ta daina shimfiɗa wa manyan baƙi jar darduma ta koma mai launin shunayya irin na furen. Saboda haka idan yarinyar ta shiga aji a Jidda ko Riyad, babu malamar da za ta ɗaga kai don ta ji baƙon abu.

To amma ra'ayina kika nema, kuma ba zan ɓoye miki ba: ni ba zan sa wa jikata wannan suna a matsayin sunan yanka ba, kuma dalilina daban yake da na Hajiya surukarki.

Yarinyar nan a bakuna biyu za a riƙa kiranta, bakin Larabawa da bakin danginta. Harafin farko na sunan ba ya cikin Hausa, shi ya sa tsofaffinmu suka mayar da Khadija Hadiza, Khalid Halidu, Khamis Hamisu. Yaran yanzu kuwa, waɗanda suke karanta suna daga takardar boko, Kadija da Kalid da Kalifa suke cewa. Ke nan a bakin kakarta 'yarki za ta zama Huzama, wanda ba shi da aibu, sai dai da yawa za su ɗauka Huzaima ake nufi su yi ta gyara miki. A bakin tsaranta kuwa Kuzama za ta zama. Ki faɗi wannan da ƙarfi sau biyu ko uku, ki saurari abin da kunnen Bahaushe yake ji. Tsakaninsa da "ƙazama" babu nisa ko kaɗan, kuma wanda ya san yaran Islamiyya a lokacin tashi ya san ba za a yi mako guda ba wani mai tsokana zai gano wannan, daga nan kuma sunan ya bi ta har gidan miji. Wataƙila ki ce ai a Jidda za ta tashi. Haka muke fata, amma mu da muke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, mun san zama ne na sabuntawa, mun kuma ga gidaje da yawa da aka wayi gari sun tattara sun koma Kano ko Maraɗi da 'ya'yan da ba su taɓa ganin damina ba. Ko ba a koma ba, unguwannin Hausawa a Jidda da Makka cike suke da yara masu jin harsunan biyu, kuma su ne ma suka fi iya irin wannan tsokana.

Sai batun wanda yake da hakkin zaɓe. Malaman fiƙihu sun ce idan miji da mata suka saɓa a kan suna, maganar uba ce take gaba, domin da sunansa ake kiran ɗa. Kaka ba ta da wannan hakki a shari'a, amma kin san mijinki ba zai so ranar suna ta zo mahaifiyarsa tana fushi ba, balle abin da take roƙo sunan uwarta ne da ba ta daɗe da rasuwa ba. Mace mai irin wannan roƙo ba gardamar fure take yi ba, kewa ce take damunta.

A nan ne al'adarmu ta yi miki gata, ko da yake ƙawayenki ba su lura ba. Idan aka yanka rago da sunan Rabi'atu, Hajiya da kanta ba za ta iya buɗe baki ta kira sunan mahaifiyarta ba, mijinki da 'yan'uwansa ma haka, dole a nemi alkunya. Su za su ce Inna ko Ummi, amma sunan da za a riƙa kiran yarinya da shi kullum, a mafi yawan gidaje uwa ake bar wa ta zaɓa. Ki ba da sunan yanka da hannu biyu, ki karɓi wannan.

Ko a alkunyar ma zan fi so ki duba wasu furannin. Raihana ta fi kwanta mini, domin raihan ya zo a Alƙur'ani cikin Suratur Rahman da Suratul Waƙi'a, kuma a Bukhari Annabi ya kira Hasan da Husaini raihanansa biyu na duniya. Hajiya ba za ta ce wannan ba ya cikin littafi ba, kuma ta san tsiron, ɗoɗɗoya ce. Akwai Warda, wadda take tuna wa mutum furen Ɗa'if da ake tsinka da sassafe a Hada da Shafa wajen watan Maris da Afrilu, wanda ake haɗa ruwansa da na Zamzam a wanke Ka'aba. Juri, wato wani irin furen wardi, ta yi yawa a makarantun Saudiyya yanzu, idan baƙon suna kike nema ba za ta biya miki buƙata ba. Narjis ba ta da yawa, kuma Hausa tana iya ɗaukarta ba tare da ta lanƙwasa ta ba.

Idan duk da haka zuciyarki tana kan Khuzama, ki rubuta sunan da boko ki tura wa mijinki, ya sa 'ya'yan ƙannensa na Kano su karanta masa a waya ba tare da ya fara faɗa musu ba, ku ji yadda zai fito. Kuma ko wanne kuka tsayar, ku gama maganar kafin naƙuda, ku kuma tabbatar rubutun sunan a takardar haihuwa ya zo daidai da wanda za a sa a fasfo a ƙaramin ofishin jakadanci, domin gyaran harafi ɗaya daga baya yakan ci watanni.