Tambaya da Amsa: Amfani da Fitila Wajen Kamun Sukwid da Dare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon shiga ne a harkar kamun sukwid, dabbar tekun nan mai hannaye goma wadda take fesa tawada idan ta tsorata. Na ga masunta suna kunna fitilu a kan gadar da jiragen ruwa ke tsayawa, sai ni ma na nemi tocila mai ƙarfi, amma duk yadda na haska ruwa ba na kama komai, alhali waɗanda ke kusa da ni suna ta cirowa. Wace irin fitila ce ta dace, wane launi, kuma a ina ya kamata in jefa ƙugiya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daga bayaninka na fahimci cewa ƙarfin fitilarka ya wadatar, matsalar tana wajen yadda kake riƙe ta da kuma inda kake sa ƙugiya. Da farko ya kamata ka san dalilin da ya sa haske yake tara sukwid. Idan aka ajiye fitila a kan ruwa ba ta motsi, ƙananan halittun da ke yawo cikin teku, waɗanda ido bai cika ganinsu ba, su ne suke fara taruwa. Bayansu sai jatan lande da ƙananan kifaye su zo cin su, sannan sukwid ya biyo baya, domin shi mafarauci ne mai manyan idanu da ke gani sosai cikin duhu, kuma da yawa daga cikin jinsinsa sukan taso daga zurfi zuwa saman ruwa da dare don neman abinci. Wannan taruwa tana ɗaukar lokaci, sau da yawa rabin sa'a ko fiye. Duk sanda ka ɗaga tocila ka karkata ta hagu da dama, ka watsa abin da ya fara haɗuwa ke nan, kuma walƙiyar haske ta ba zato tana korar sukwid ɗin da ya riga ya matso.

Abu mafi muhimmanci da zan gaya maka shi ne sukwid ba ya son zama a tsakiyar haske. Yakan laɓe a gefe, daidai inda haske ya ƙare duhu ya fara, ko a ƙarƙashin inuwar gada, ko can ƙasa inda hasken ya raunana, daga nan yake fitowa da gudu ya cafke abin da ya gani ya koma. Manyan jiragen kamun sukwid na Japan, Koriya ta Kudu, Sin da Taiwan a kan wannan ɗabi'a suka gina sana'arsu: sukan jera fitilu a saman jirgi yadda jikin jirgin zai yi inuwa a ƙarƙashinsa, sukwid ya taru cikin inuwar, igiyoyin ƙugiya kuma su riƙa ratsa iyakar haske da duhu. Hasken waɗannan jirage yana da ƙarfin da hotunan tauraron ɗan'adam na shekarar 2012 suka nuna su a jere cikin teku gabas da Ajantina. Kai da kake tsaye kan gada ba ka buƙatar ko kusa da wannan ƙarfi, amma hikimar ɗaya ce. Ka jefa ƙugiyarka can cikin duhu, bayan da'irar hasken, ka bar ta ta nutse, sannan ka jawo ta a hankali ta ratso gefen hasken. Ina kyautata zaton abin da maƙwabtanka suke yi ke nan ba ka lura ba.

Game da launi, ruwa yana shanye jan haske cikin mitocin farko, amma shuɗi da kore suna tafiya da nisa. A tsakiyar teku mai garau shuɗi ya fi ratsawa, a kusa da gaɓa kuwa, inda ruwa yake ɗauke da ƙananan tsirrai da laka, kore ya fi tafiya. Idon sukwid ma ya fi jin hasken da ke tsakanin shuɗi da kore. Saboda haka shawarata ga mai farawa ita ce koriyar fitilar LED wadda ake nutsarwa cikin ruwa, a saukar da ita kamar mita ɗaya ko biyu, a ɗaure ta yadda igiyar ruwa ba za ta riƙa buga ta da ginshiƙin gada ba. Farar fitila da aka rataya a sama tana kallon ruwa ita ma tana aiki, kuma masunta sun daɗe suna kamu da ita, sai dai wani ɓangare na haskenta yana dawowa daga fuskar ruwa ya kashe maka ido, ga kuma ƙwari da take tarawa. Idan gadar tana da fitilun kanta da ke kunne kowane dare, to, ka fara da su tukuna kafin ka kashe kuɗi, domin halittun wurin sun riga sun saba taruwa a ƙarƙashinsu.

Tocilarka kuma kada ka yar da ita. Ƙugiyar sukwid, wadda Japanawa ke kira egi, tana da siffar jatan lande, da jerin allurai a wutsiya, kuma da yawa daga cikinsu an shafa musu fenti mai riƙe haske. Ka juya wa ruwa baya, ka haska ƙugiyar na ɗan daƙiƙoƙi kafin ka jefa, za ta riƙa ƙyalli cikin duhu. Don ɗaure igiya da duba kaya, fitilar goshi mai jan haske ta fi, saboda ba ta ɓata sabon da idonka ya yi da duhu, kuma ba ta damun na kusa da kai.

Sukwid ya fi kama ƙugiya a lokacin da take nutsewa, don haka ka fizge sanda sau biyu ko uku, ka dakata, ka sa ido kan igiya. Ba za ka ji fizga irin ta kifi ba, nauyi kawai za ka ji kamar ƙugiya ta maƙale a tsumma. Tun da alluran ba su da ƙayar da ke hana su fita, kada ka bari igiya ta saki, kuma kada ka ja da ƙarfi domin hannayensa suna tsinkewa. Ka ɗauko shi da koma, ka bar shi ya fesar da tawadarsa cikin ruwa kafin ka ɗago.

Akwai daren da fitila ba ta da tasiri sosai. Idan wata ya cika, haskensa yakan bazu ko'ina, halittu su warwatsu, shi ya sa daren duhun wata ya fi albarka. Bayan ruwan sama mai yawa kuma gaɓa takan gurɓace, gishirin ruwa ya ragu, sukwid ya ja baya zuwa zurfi.

Tambaya: Wane batir zan haɗa da fitilar, kuma zan iya amfani da ita a kwale-kwale? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, yawancin fitilun da ake nutsarwa suna aiki da batir mai bolt 12. Fitila mai wat 30 tana jan amfiya 2.5, ke nan batir mai amfiya-awa 20 zai kai sa'a 8 a lissafi, amma idan batirin mai dalma da asid ne, kada ki zuƙe fiye da rabinsa don kada ya lalace da wuri, sai ki ɗauka sa'a 4 kike da su. Ki sa batirin cikin akwati mai murfi, ki sa fiyus kusa da shi, domin ruwan gishiri yana cin waya kuma yana haɗa wuta. Wasu fitilun sun dogara da ruwa wajen hucewa, kada a bar su a kunne a sarari.

A kwale-kwale akwai ƙarin hattara. A dokar zirga-zirgar teku, koren haske yana nuna gefen dama na jirgi, ja kuma gefen hagu, saboda haka koriyar fitilarki ta kasance cikin ruwa, kada ta rikita matuƙan wasu jirage, kuma idan kin saki anga ki kunna farar fitilar da ake gani ta kowane ɓangare. Ki sa rigar ceto tun daga gaɓa, ki gaya wa wani inda za ki da lokacin dawowarki. Kafin ki fita kuma ki tambayi hukumar kamun kifi ta yankin da kike, domin akwai wuraren da suka hana kamu da fitila, wasu sun ƙayyade ƙarfinta, wasu kuma sun iyakance yawan sukwid ɗin da mutum ɗaya zai ɗauka a rana.