Miƙa wuya, kamun ƙafa, ko neman mafaka?

Wani matashi daga Kano, cikin masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, Allah ya ƙara basira. Nakan ga mutum ya zube a ƙafafun abin bautarsu yana hawaye yana cewa sharan. Ni dai 'na miƙa wuya' nake sa masa a baki. Na yi daidai? Kuma me ya haɗa ibada da ƙafa, ko shi ne kamun ƙafa da muke cewa?"

Amin, ɗana. Ka kusa, amma da saura.

Asalin kalmar daga Sanskirit take, tsohon harshen littattafan addinin Hindu. Sharana na nufin mafaka, agati kuwa zuwa. In an haɗa su sai a sami sharanagati, wato zuwa neman mafaka. To, duba tamu. Wuya shi ake ɗaura wa igiya, shi ake ɗora wa wuƙa. Duk wanda aka ce ya miƙa wuya, kunnen Bahaushe yakan ji cewa da can ya turje, shi ya sa muke faɗin haka ga 'yan tawaye. Saduda ta fi ma tsanani, don sai an galabaita ake yin ta, haka ma ba da kai bori ya hau. Gaskiya ne malamai sun ɗaukaka kalmar da suka fassara Musulunci da miƙa wuya ga Allah, amma a bakin mai kuka ba ta ɗauko abin da sharan ta ɗauko. Ka tuna yaron da kare ya koro, ya sheƙo ya cusa kansa cikin zanen uwarsa yana haki. Ba wanda ya ci shi da yaƙi. Inda zai tsira ya gani, ya nufa.

Ayar da mabiya addinin Hindu suka fi kafa hujja da ita tana cikin Bagabad Gita, ɗaya daga manyan littattafan addininsu, babi na 18, baiti na 66, inda Kirishna, abin bautarsu, yake ce wa jarumi Arjuna ya bar dogaro da komai ya fake gare shi shi kaɗai, zai 'yantar da shi daga zunubai, kada ya yi baƙin ciki. Mabiyan Ramanuja, malamin da ya zauna a Sirirangam ta ƙasar Tamil a ƙarni na 11 zuwa na 12, sun ɗauki wannan fakewa a matsayin hanyar tsira wadda ba ta tambayar asalin mutum ko yawan karatunsa. Daga baya suka rabu gida biyu, kuma misalin da ake bayyana saɓaninsu da shi yana burge ni ƙwarai. Ɗan biri shi ke ƙanƙame cikin uwarsa tana tsalle daga reshe zuwa reshe. In ya saki, ya faɗo. Ɗan kyanwa kuwa sakin jiki yake yi, uwar ta ɗauke shi da baki ta ƙeya ta kai shi inda ta ga dama. Ɓangare ɗaya ya ce bawa sai ya yi nasa riƙon, ɗayan ya ce rahama ce kaɗai ke ɗauka. Aƙidarmu daban, tasu daban, amma harshenmu ya san wannan muhawara: mu ne ke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, mu ne kuma ke cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Sai batun ƙafa. A wurinsu kai shi ne mafi daraja a jiki, ƙafa ita ce ta ƙasa. Wanda ya ɗora kansa a ƙafar wani yana cewa ne, mafi girman abin da nake da shi bai wuce mafi ƙanƙantar naka ba. A kudancin Indiya, a wuraren bautar Bishnu, ɗaya daga manyan abubuwan bautarsu, mai hidima yakan ɗauko wani ƙarfe mai siffar hula, da alamar sawaye biyu a samansa, ya ɗora wa kowane mai ziyara a ka na ɗan lokaci. A tsohon labarinsu na Ramayana ma, da aka kai yarima Rama daji shekara 14, ƙanensa Barata ƙin hawa gadon sarauta ya yi. Takalman wansa ya ɗora a kan gadon, ya riƙe ƙasa da sunansu.

Kamun ƙafa kuwa aikin mutum uku ne: mai buƙata, wanda aka kama ƙafarsa, da wanda ake son a isa gare shi. Ka kama ƙafa da Galadima don maganarka ta kai kunnen Sarki. A sharanagati ƙafar ita ce masauki, ba a wuce ta. Inda kalmarmu za ta zauna daram shi ne inda suke roƙon Lakshimi, matar Bishnu, ko malaminsu na ɗariƙa, ya shige musu gaba.

In kuma ka ga saurayi ya sunkuya ya taɓa ƙafar kakarsa, wannan gaisuwa ce da neman albarka, 'yar'uwar durƙuson da muke yi wa iyaye. "Ya kwashi gaisuwa" ta wadatar. Shi kuwa mai hawayen nan, sa masa: "Ba ni da kowa sai kai, na fake gare ka."