Filin Tambayoyinku: Sulhun da ke warwarewa bayan an watse

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni wakilin mai unguwa ne, shekara 9 ke nan ina zaman sulhu a zaure: rikicin aure, gado, iyakar gona, bashi. Abin da ke damuna, sai a yi musafaha a gabana, a shafa fatiha a watse, ba a jima ba in ji an kai ƙara wurin 'yan sanda. Wani abokina ya ce in nemi horo mai zurfi kan sasanci. Akwai abin da zai ƙara mini a kan abin da muka gada? Kuma ina ake samunsa?
Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri kan wannan hidima. Ka nemi horon, abokinka ya ba ka shawara mai kyau.

Abin da ke damunka ya taɓa damuna. A farkon shigata wannan aiki an kawo mini wasu maƙwabta biyu, wani dattijo da wani magidanci, a kan indararo. Ruwan sama daga rufin magidancin yana zuba a jikin katangar dattijon. Na je na duba, na ce a karkatar da indararon, kowa ya yi haƙuri. Aka karkatar. Bayan sati uku suka dawo, yanzu a kan akuya. Sai da na yi horo na koyi keɓe kowane ɓangare shi kaɗai, kuma na koma wa dattijon. Muna zaune a kan tabarma, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce: "Ranar da uwar 'ya'yana ta rasu, yaron nan bai taka ƙofata ya yi mini gaisuwa ba." Shi kuwa magidancin yana Legas a lokacin, da ya dawo kunya ta hana shi zuwa. Gaisuwar da aka yi a makare ita ta kashe maganar.

Wannan shi ne babban darasin horon: abin da mutum ya zo yana nema da baki daban, abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya daban. Mu a zaure mun saba da "a yi haƙuri", kuma idan babba ya faɗa, ƙarami ba ya iya musu. Zai miƙa hannu saboda girmanka, ya tafi da abin a ransa. Horo zai koya maka yin shiru, da tambayar da ke buɗe baki, da maimaita maganar mai fushi bayan ka cire mata zagi. Zai kuma raba ka da kujerar alƙali, domin mafitar da mutane suka furta da bakinsu ita suke riƙewa. Asalin abin namu ne. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata. Dabarun aiwatarwa ne ake ƙaro maka.

Batun wuri kuwa, akwai cibiyar ƙwararrun masu sasanci ta ICMC mai hedikwata a Abuja, tana horarwa tana ba da shaida. Akwai IPCR, cibiyar gwamnatin tarayya ta zaman lafiya da aka kafa a 2000. Idan digiri kake so ba tare da barin gida ba, jami'ar NOUN tana da fannin zaman lafiya da warware rikici. A Kaduna akwai cibiyar da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa, mutanen da suka taɓa zama abokan gaba, ga wanda yankinsa ke fama da rikicin addini.

Kafin ka biya ko kwabo, ka tambaya awa nawa za ku yi kuna gwaji, wato a zaunar da kai tsakanin mutum biyu masu kwaikwayon rigima, malami yana kallo yana gyara maka. Kwas ɗin da lacca ce kawai da hoton rufe taro, ni ban ba ka shawarar sa ba.

Ka kuma koyi rubuta yarjejeniya: wa zai yi me, yaushe, nawa, sa hannu da shaidu. Tun 2002 Legas ta buɗe sashen sasanci a ƙarƙashin kotu, Kano ta bi a 2009, kuma dokar sasanci ta tarayya ta 2023 ta ba wa rubutacciyar yarjejeniya ƙarfin da kotu za ta iya tilasta aiki da ita.

Abu ɗaya da nake roƙonka, Malam: fyaɗe da raunata mutum ka miƙa su ga hukuma, kada su kwana a zaurenka. Haka idan ka ga ana matsa wa mace ta yafe gadonta a gaban yayyenta maza, ka ɗage zaman, ka sa a kira ta tare da wata babbar mace da ta yarda da ita, ka ji ta bakinta.